Ruwan Tokar Inna

Zainab, Ummi, duk Sallar da muka haɗu sai ɗayarku ta ɗauko labarin nan a gaban baƙi, wai ranar da kakarku ta tashi zuba ruwan wanke-wanke a miya. Kuna ba da shi kuna riƙe ciki, mazajenku suna taya ku, yanzu har 'ya'yanku sun haddace. Ban taɓa hana ku ba, domin ita kanta Inna da ranta ta fi kowa dariyar abin. Amma a karkace kuke ba da shi. A bakinku wata tsohuwa ce ta zo daga Kano ta yi ƙauyanci a ƙasar Turawa. To ba haka aka yi ba. Kuskuren nawa ne, ni uwarku mai takardu, kuma da ban yi shi ba, da kakarku ba ta ƙarasa shekarar nan a New York ba. Tunda Ummi za ta karɓi tirelarmu ta fita daji bana, ni kuma gwiwa ta hana ni hawa tsani, gara in rubuta yadda abin ya faru tun idona yana ganin layi.

Bayan rasuwar mahaifina Inna ta zauna ita kaɗai a gidanmu na Gwammaja, ga ciwon suga, ga hawan jini. Wata rana santsi ya kwashe ta a banɗaki tun da hantsi, ba a gan ta ba sai la'asar, da wata maƙwabciya ta shigo aron rariya. Da labari ya iso ni ban yi shawara da kowa ba, na yi ta zirga-zirgar takardu har na je na ɗauko ta. Ta sauka a gidanmu na Parkchester ganye yana zuba, aka kai ta hawa na bakwai, aka nuna mata gado da taga. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce, shekara da shekaru ina aikin asibiti a Bronx, sai na riƙe uwata yadda na iya riƙon mutane. Na auna mata gishiri, na auna mata tuwo, na soka mata allura a yatsa safe da yamma. Ranar da ta kunna turaren wuta na'urar hayaƙi ta tsala ihu, maƙwabta suka firfito, sai na ce daga yau kada ta ƙara taɓa ashana. Kicin ma na hana ta shiga, wai kada ta ƙone. Matar da ta ciyar da gida mai mutum goma sha, ita ce ta koma zaman bakin taga tana ƙirga jiragen ƙasan da ke wucewa.

Kun san ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ko muna zaune gwiwa da gwiwa, ta bakinku saƙo yake biyowa. Da ƙanƙara ta fara narkewa, wata safiya muna karyawa ta dubi Zainab ta ce:

“Ku gaya wa uwarku na ga sanyin ƙasar nan sau ɗaya, ya ishe ni. Kafin ya dawo a mayar da ni ɗakina.”

Na ce, “Inna, wa zai kula da ke a can? Me kika rasa a nan?”

Ba ta dube ni ba. Ta ce da Ummi, “Ƙasa na rasa. Wata biyar ƙafata ba ta taka ƙasa ba, idona bai ga wuta ba. A rataye ake kwana, a rataye ake tashi.”

A ranar ta haɗa kayanta a koren akwatinta ta jingine shi a bayan ƙofar ɗakinta. Abbanku ya ce ba a tsare uwa da ƙarfi, dole na yi mata alkawarin tikiti kafin sanyi. Na yi alkawarin, amma na san idan ta koma gidan nan ita kaɗai, wayar da zan samu ta gaba ba ta faɗuwa ba ce. Kullum na wuce ƙofarta sai na ga gefen akwatin, sai in kau da kai.

Ana haka wata abokiyar aikina, Dora, 'yar Jamaika da ke shirin ritaya, ta nuna mini hotuna a wayarta muna cin abincin rana. Ita da marigayi mijinta suna da ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, suna fita da shi daji duk ƙarshen mako. Yanzu tana neman wanda zai saya. Ban ko kalli ɗakin ba. Abin da ke gabansa na kalla: fili sharar, kujeru a zagaye, wuta a tsakiya, tukunya a kai. Na ce a raina, ai wannan tsakar gida ce. Kafin mu tashi daga teburin na ce mata kada ta nuna wa kowa.

Abbanku ya cire tabarau ya goge ya mayar, sannan ya ce, “Binta, mu da muka baro ƙauye muka zo birnin da ya fi kowane birni, yanzu kuma mu sayi bukka mu koma daji?”

Na ce, “Bukkar tana da firji.”

Ya yi dariya, kuma da mutumin nan ya yi dariya an gama. Amma abin ya ci mana abubuwa. Ƙaramar motarsa da yake ji da ita dole ta tafi, aka sauya ta da ƙatuwa mai iya ja. Umarar da muka shekara muna shiri muka ɗage. Hutuna na shekara kaf na yanyanka shi zuwa Juma'a da Litinin. Bai taɓa yi mini gori a kai ba, Allah Ya jiƙansa, sai dai duk sanda ya ga irin tsohuwar motarsa a titi ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Sai kuma maganar suna. Turawa suna ce wa abin tirela, ni ma na ce tirela, ban tuna abin da kunnen Bahaushe zai ji ba. Cikin mako guda labari ya zagaye Bronx ya haye teku. Na shiga shagon wata 'yar Nijar a Fordham Road sayen daddawa, ta taso ta rungume ni tana cewa, “Barka, Hajiya, an ce kin shiga harkar kamiyo!” Wato manyan motocin dakon kaya. Wani ɗan ƙanin babana ya bugo daga Kano yana roƙon in ba shi tuƙi, wai ya san hanyar Legas kamar tafin hannunsa. Wani kuma yana da siminti da za a kai Maraɗi. Na gaji da bayani, ƙarshe duk wanda ya yi mini barka sai in ce Allah Ya sa mu ga alheri. Ranar da muka kai Inna filin da ake ajiye tirelar a wajen gari, domin ba a barin irinta ta kwana a titin unguwa, ta zagaya ta sau ɗaya da sandarta ta leƙa ciki.

Ta ce, “Ku tambayi uwarku kaji nawa ta saya da za ta zuba a akurkin nan.”

Wanda ya koya mini gyara Baba Isifu ne, makanike ɗan zangon Kumasi mai gareji a bayan Fordham. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, saboda haka da “kai” yake kirana, har na saba. Ya duba tayoyin ya ce zanensu bai cinye ba amma sun tsufa, ita tayar tirela shekaru ke kashe ta, ba tafiya ba. Ya sa na cire taya da hannuna na cusa giris a cikin boris, na koma gida farcena baƙi ƙirin. Sannan ya jingina tsani ya ce in hau.

Na ce, “Baba, da hijabin?”

Ya ce, “Hajiya, ɗaure shi a gindi ka hau. Rufi ne yake kashe tirela. Ruwa ya shiga yau, kai ba ka sani ba sai shekara biyu, katako ya ruɓe duka. Taka a hankali, inda ka ji taushi ka faɗa mini.”

Na ɗaure shi a ƙugu na hau, ga ni mace mai shekara hamsin da 'yan kai ina rarrafe a kan rufi. Na kuwa sami taushin a gefen tagar sama. Muka kankare tsohon danƙon, muka bar wurin ya bushe, na matsa sabo da kaina. Tun daga shekarar, duk sanda ganye ya fito sai na hau na bi kowane haɗi da yatsa, kuma ruwa bai taɓa ɗiga mana a ka ba. Ummi, wannan aikin ba na miji ba ne kuma ba na gobe ba ne. Abu na ƙarshe da Baba Isifu ya ja mini kunne a kai shi ne hanya: duk titin da sunansa ya ƙare da “parkway” kada in shiga ko wayar hannu ta rantse, gadojinsu gajeru ne, za su aske mini rufin tas.

Fitarmu ta farko duwatsun Catskills muka nufa, wani sansani a bakin rafi, farkon lokacin zafi. Tafiyar lafiya lau. Shiga da baya ne ya kusa raba aure. Ina kan sitiyari, Abbanku yana baya yana bubbuga jikin tirelar yana “Taho, taho, taho!” kamar a tashar Kano, ku biyu kuma kuna ihun “left” da “right” kowa da nata. In na juya dama ta yi hagu, in na juya hagu ta nufi bishiya. Sau tara ina fita ina sakewa. Wani tsohon Bature da ke maƙwabtaka da mu ya ajiye kofinsa ya zo ya ce in kama sitiyarin daga ƙasa, duk inda hannuna ya yi can gindin tirelar zai bi. Shiga ɗaya na yi. Muka sa wa tayoyi waigi kafin mu kwance ta daga mota, kamar yadda aka koya mini. Duk wannan bidirin Inna tana zaune a mota da carbinta. Da aka buɗe mata ƙofa ta sauko, sai na ga ta zare takalmi ta tsaya a kan ƙasa da ƙafa tsirara. Na buɗe baki zan yi maganar masu suga da ciwon ƙafa, Abbanku ya taka ni.

To ga inda na yi ɓarnar. Dora ta koya mini cewa tankuna uku ne a ƙarƙashin tirela. Akwai na ruwa mai tsabta. Akwai na bayan gida, wanda suke kira baƙin ruwa. Akwai kuma wanda ruwan wanka da na wanke-wanke ke taruwa a ciki, shi kuma da launinsa suke kiransa, wato toka-toka. Kowane tanki da mariƙinsa a gefe, in ka ja ya zubo, kuma ba a ja sai a wurin da aka tanada, da tiyo. Da yamma ina zagayawa da Inna ina nuna mata kaya, ina fassara mata da Hausata da ta shekara ashirin da biyar tana cuɗanya da Turanci. Na ce wannan na ruwan sha ne, wannan na baƙin ruwa ne kada a taɓa, wannan kuma na ruwan toka ne.

Inna ta tsaya cak. Ta ce da Zainab, “Me ta ce? Ruwan toka?”

Na ce, “Eh, Inna. Tanki guda.”

Ta ce, “Tanki guda! Ashe mutanen nan sun san abinci.”

Na ga fuskarta ta washe, na ji daɗi, na wuce ina neman inda zan haɗa tukunyar gas. Wallahi ko kusa raina bai kawo abin da na faɗa ba. Ku da kuka tashi a nan ba laifinku ba ne, amma ni na sha miyar da aka yi da ruwan toka tun ban iya tafiya ba. Toka ake tacewa da ruwa, ruwan ya fito ja-ja, a ɗiga a miya maimakon kanwa, ya sa ta yi yauƙi, ya kashe tsami, ya nunar da wake. Na san wannan sarai. Kawai kalmar ce ta kwanta a wani lungu na kaina har na ɗauke ta na liƙa wa ruwan ƙazanta ban ji komai ba.

Washegari da hantsi, bayan mutum biyar sun yi wanka an kuma wanke kwanonin jiya da na safe, ni da Abbanku muka tafi sayen itace a ofishin sansanin, domin ba a yarda ka zo da itace daga nesa ba saboda ƙwari. Ashe muna juya baya Inna ta tattara guntayen da muka bari ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta ciro busasshiyar kuɓewar da ta ɓoye a jakarta tun daga Kano. Da miya ta tafasa ta ɗauki kwano ta ce Ummi ta nuna mata famfon ruwan toka. Ummi tana da shekara goma sha huɗu, Hausarta ta ji ce ba ta mayarwa ba, ta kuma ji uwarta da bakinta ta kira shi haka. Ta murɗe murfin, ta nuna wa kakarta mariƙin. Allah Ya taimake mu ba na baƙin ruwa da ke kusa da shi ta nuna ba.

Daga nesa muka jiyo ihun Ummi tana “Mommy! Mommy!” Na yar da itacen na ruga, zuciyata tana cewa Inna ta faɗi. Na tarar da ita a tsaye, zaninta sharkaf har gwiwa, kwano a hannu cike da kumfa da ƙwayoyin shinkafar jiya, ruwa kuma yana ta ambaliya yana bin gangare. Na tura mariƙin na rufe. Wari ya tashi. Maƙwabcinmu Bature ya juya baya yana kallon bishiyoyi don kara. Na ce shi ke nan, na kunyata uwata a gaban baƙi, yau ko jirgin gobe ta samu za ta hau. Ta kai kwanon hancinta ta sunsuna. Sannan ta juyo, ta dube ni ido cikin ido, abin da zan iya ƙirga sau nawa ta yi shi a rayuwata.

Ta ce, “Ke! Wannan ne ruwan tokarku?”

Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, launinsa nake nufi. Haka Turawa suke ce masa.”

Ta ce, “Turawa suka ce, ko ke kika ce? Bature ya san toka ne? Ke da na goya, na ɗura miki miyar kuka da yatsana, yau ke ce kike kiran ruwan wanke-wanke ruwan toka?”

Sai ta juya kan Ummi ta tambaye ta mene ne ruwan toka. Ummi ta nuna kwanon. Ta tambayi Zainab, Zainab ta ɗaga kafaɗa ta ce, “I don't know, Kaka.” Inna ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi zaninta, sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne. Dariya ce, irin wadda rabona da jinta tun mahaifina yana raye, har da dafa tirela tana share hawaye tana cewa, “Tanki guda! Ni kuwa na ce za a yi ɗanwake har a ba maƙwabta!” Abbanku ya iso da itace a ka ya tarar da mata huɗu suna dariya a cikin caɓi.

Mai kula da sansanin ya zo a 'yar motarsa, ya gaya mana cikin mutunci cewa ba a zubar da wannan ruwan a ƙasa, ga kuma rafi kusa. Na ba shi haƙuri, ya ba ni shebur, na yi awa guda ina kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasa ina zubawa inda ya nuna. Ina cikin haka Inna ta yi wanka ta sauya zani ta fito da umarni. A ba ta gwangwani, a ba ta ƙusa, a ba ta tsohon ɗankwali. Ta huhhuda gindin gwangwanin, ta shimfiɗa ƙyallen, ta cika shi da farar tokar wutar jiya, ta ɗora a kan kwano ta zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Ta zaunar da ku a gabanta kuna kallon yadda yake ɗiga. Ta lakata ta ɗora wa kowaccenku a harshe, kuka yamutsa fuska, ta ce matan banza, mazajenku sun shiga uku. Ni mai auna gishiri na tsaya a gefe da shebur, na ga an zuba abin da ban auna ba a cikin miya, na koma kan kwasar ƙasata. Miyar nan da muka ci da tuwo a ƙarƙashin bishiya, har maƙwabcinmu da matarsa sai da suka karɓi ƙari, suna ta fama da yauƙi da cokali.

Daga ranar akurki ya zama “ɗakinmu na daji”, kuma Inna ce mai shi. Rabin abin da na sani na riƙon tirela daga gare ta na koya. Da na'urar daidaita tsayuwa ta ɓata, faranti ta cika da ruwa ta ajiye a tsakar ɗakin, inda ruwan ya karkata can ake ƙara katako a ƙarƙashin taya, kuma har yau ban sayi wata ba. Tankin nan mai suna yana cika mana kwana ɗaya, Dora ta rasa dalili, su yana kai musu kwana huɗu. Inna ce ta gano: mutum biyar, alwala biyar. Ta kafa doka a koma buta a waje. Ta hana zuba mai ko ƙanzon tuwo a wurin wanke-wanke, sai an goge tukunya da takarda an cuɗa ta da toka tukuna, shi ya sa bututunmu bai taɓa toshewa ba. In mun je wurin zubarwa tana tsaye da sanda tana tuna mini baƙin ake fara saki, sannan ɗayan ya biyo ya wanke tiyon. Ba ta ƙara yarda an kira shi da sunan da na ba shi ba. “Ruwan uwarku” take ce masa.

Mun zaga a shekarar. Mun je Lake George, inda ta zauna a bakin ruwa ta ce madatsar Tiga ce aka yi wa ado. Mun je ƙarshen Long Island a bakin teku, ba ta so shi ba, ta ce iska ba ta barin wuta ta zauna, ni ma na dawo na tarar gishiri ya fara cin ƙarfen da ake jan tirelar da shi. Wurin da aka ce mana akwai ƙatuwar dabbar nan beyar, a kulle abinci a mota, ta ce ita ta kwana a garin da kura ke shiga, amma kilishinta a ƙarƙashin matashi ya kwana sai da Abbanku ya roƙe ta. Ita ba ta auna wuri da kyan gani. In kun ce ga dutse ga ruwa, sai ta ce itacensu fa, yana barin toka? Catskills ce ta ci gaba da zama ta gaban goshi. Sugarta ta sauka, ta daina riƙe sanda sai don nuni. Amma duk daren Lahadi in mun dawo Parkchester, koren akwatin yana nan a bayan ƙofa, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Da ganye ya fara ja Abbanku ya ce alkawari alkawari ne, ya kama mata kujera a jirgi, saura mako uku. Muka shirya fita ta ƙarshe, wadda a ita ake rufe tirela saboda sanyi. Da safe muna loda kaya sai ga Inna ta fito tana jan akwatin, ta ce Zainab ta sa mata a mota. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ku ji ni. Na ce a raina ko kwana uku ba ta yarda ta rabu da shi, ta riga ta tafi. Mun kusa isa ta buga gilashi ta ce a tsaya. Wata rumfar manoma ce a bakin titi, an jera kabewa, an ɗaure busasshen karan masara dami-dami. Ummi ta yi mata bayani cewa na ado ne, a ƙofar gida ake jinginawa.

Inna ta ce, “Kara? Ado? Allah Mai iko. Ku ce wa ubanku ya saye duka.”

Ranar Lahadi da rana na shiga aikina. Na zubar da tankuna, na buɗe kowane famfo har ya daina ɗiga, na bi bututu da wani magani mai launin ruwan hoda mai hana daskarewa, domin ruwan da ka manta a bututu shi zai fasa shi in ƙanƙara ta zo. Na kwashe duk abin da ɓera zai so. Inna kuwa tun jiya take ƙona kara a ramin wuta, dami bayan dami, ta hana a sa ko itace ɗaya, ta ce tokar kara daban ce, duk wadda muka sha a baya maneji ne. Da ta huce ta tankaɗe ta a kan tabarma. Sannan ta ce a kawo mata akwatinta.

Na fito da jarkar maganin a hannu na tsaya. Ta zuge zif ɗin. Babu zani ko ɗaya a ciki. Gwangwanayen madara ne wankakku, waɗanda na yi wata da watanni ina mamakin inda suke shiga. Kayanta kuwa, daga baya na gani, suna jere a cikin durowa a Parkchester, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Ta cika gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya tana danna murfi da tafin hannu, ku kuna jerawa. Da ta gama ta ƙirga su da yatsa, ta karkaɗe hannu, ba ta ko dubi inda nake ba.

Ta ce, “Ku gaya wa uwarku wannan za ta kai mu har ganye ya fito mu dawo. In ta ƙare kafin nan, hannunta ne ya yi yawa.”

Na zagaya bayan tirela na zauna a kan ƙarfen ja na yi kukana mai isata, Abbanku kuma ya koma gefe da waya yana soke tikiti yana ta washe baki. Sanyi bakwai ta ƙara gani a garin nan, kuma kicin ɗin Parkchester nata ne har ta koma ga Allah. Saboda haka in za ku ba da labarin, ku ba da shi daidai: kakarku ta san abin da take nema, uwarku ce ta manta sunansa. Ummi, in kin buɗe durowar da ke ƙarƙashin gadon baya za ki ga gwangwani ɗaya da ya rage. Kada ki zubar, kada kuma ki ajiye shi don kallo. Ki huda wani, ki nemo ƙyalle, ki kira 'ya'yanki su zauna a gabanki.